Eric Lemming da jifan mita 60: gwani ne, ko abokan karawa ya rasa?

"Assalamu alaikum Malam. Na kalli jifan mashi a gasar Olamfik ta Faris a 2024, inda Arshad Nadeem na Pakistan ya jefa kusan mita 93. Da na bi tarihin wasan sai na ga wai wani Eric Lemming ya ci zinare a 1912 da mita 60 kacal, kuma sai kambama shi ake yi. Wane ne shi? Gwani ne da gaske, ko dai lokacin babu masu yi ne? Sannan wani wuri na ga an ce zinarensa uku, wani wuri kuma huɗu. Wanne ne daidai?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, abin da ya tsaya maka a rai shi ne tazarar da ke tsakanin mita 92.97 na Nadeem da mita 60.64 na Lemming. Mita talatin da biyu ba wasa ba ne, kuma duk wanda ya ga lambobin nan biyu a jere dole ya yi irin tunaninka. Ni aikina koyar da wasannin jifa ne ga 'yan sakandare da matasa, don haka zan ba ka tarihin mutumin, sannan in faɗa maka yadda mai horarwa yake karanta irin waɗannan lambobi, domin a nan ne amsar take.

Mutumin da zamaninsa

An haifi Eric Lemming ranar 22 ga Fabrairun 1880 a Gothenburg, birnin da ke bakin teku a yammacin Suwidin. Dogo ne, kusan mita 1.90, kuma a zamaninsa wannan tsawo ne da ake juyowa a kalla. Ya taso a daidai lokacin da jifan mashi yake sauya kama a ƙasashen arewacin Turai. Tsoffin Girkawa sun yi wannan wasa a cikin gasarsu mai wasanni biyar, amma su suna naɗa wa mashin wata 'yar igiyar fata su saƙala yatsu a ciki, ta taimaka wajen cilla shi. Da wasan ya dawo a ƙarni na 19 a Suwidin da Finlan, da farko saiti ake yi, a kafa abu a ga wa zai soke shi, daga baya aka koma ga wa ya fi nisa. Ko shi ma a tsaye ake jifan. Sai a ƙarshen shekarun 1890 aka fara barin mai jifa ya ɗan taho da gudu.

Ka riƙe wannan da kyau. Lemming ya shigo wasan da ko ƙa'idarsa ba ta gama zama ba. Babu wani tsohon gwani da zai kalla ya kwaikwaya, babu koci mai littafi, babu bidiyo. A haka, yana ɗan shekara 19, ya jefa mita 49.32 a 1899, wanda shi ne jifa mafi nisa da aka sani a duniya a lokacin.

Abin dariya, da ya je Olamfik ta Faris a 1900, babu jifan mashi a jerin wasannin kwata-kwata. Mutumin da ya fi kowa iya abu ya isa wurin taro ya tarar ba a sa abin nasa ba. Sai ya shiga wasu wasannin har shida, ya zo na huɗu a tsallen sama, na huɗu a tsalle da sanda, na huɗu a jifan guduma. Wanda ya san filin wasa ya san abin da wannan ke nufi. Tsalle da sanda na masu saurin ƙafa da iya sarrafa jiki ne, guduma kuwa ta masu ƙarfin ƙugu da baya. Samun mutum ɗaya da zai taɓa na huɗu a duka biyun, ko a zamanin da mahalarta ba su da yawa, shaida ce cewa jikinsa ya haɗa sauri da ƙarfi, kuma waɗannan biyun su ne jarin mai jifan mashi.

Atina, Landan, Stockholm

Mashi ya fara shiga babbar gasa ta duniya a Atina, babban birnin Girka, a 1906. Lemming ya jefa mita 53.90, ya karya tarihin da shi da kansa ya kafa, ya bar wanda ya zo na biyu, ɗan ƙasarsa Knut Lindberg, da tazarar kusan mita tara. 'Yan Suwidin ne suka kwashe matsayi huɗu na farko. A nan zarginka yana da ƙafa, domin gwanayen Finlan ba su je ba, sauran ƙasashe kuma ba su san wasan sosai ba. A wannan gasar dai ya ƙara da lambobin tagulla uku, a jifan dalma, da gasar wasanni biyar irin ta tsoffin Girkawa wadda har kokawa ake yi a cikinta, da kuma jan igiya tare da tawagar ƙasarsa.

A Landan a 1908 aka yi gasar mashi iri biyu. Ɗaya dole ka riƙe mashin a tsakiya, inda aka naɗa igiyar riƙo, kamar yadda ake yi yau. Ɗaya kuma an sakar maka mara, ka riƙe duk inda ka ga dama. Akwai masu ɗora yatsa a gindin mashin su tunkuɗa shi daga baya, salon da 'yan Hangari suka ƙware a kai. Lemming ya cinye duka biyun. A ta riƙon tsakiya ya jefa mita 54.83, Arne Halse na Norwe ya biyo shi da tazarar mita huɗu da ɗoriya. Daga wannan shekarar aka cire ta riƙon ganin dama daga Olamfik.

Sai 1912, a gida, a Stockholm. Yana da shekara 32, kuma matasan Finlan sun taso masa haiƙan. Ya jefa mita 60.64 ya ɗauki zinare, Julius Saaristo na Finlan ya zo na biyu da mita 58.66, Mór Kóczán na Hangari na uku. Yanzu jera tazarar da yake bai wa na biyu: kusan tara a 1906, huɗu a 1908, ƙasa da biyu a 1912. Shi yana ta ƙara nisa, amma na baya sun fi shi saurin ƙaruwa. Wannan shi ne yanayin duk wanda ya fara abu: yana share hanya, masu bin sa suna tafiya a kan shararriya.

A gasar 1912 ɗin akwai wani nau'i da yau zai ba ka mamaki, jifa da hannu biyu. Ka jefa da dama, ka jefa da hagu, a haɗa mafi kyawun kowanne. Mutanen arewacin Turai na lokacin sun yi imani da cewa motsa jiki na gari shi ne wanda ya gina ɓangarorin jiki biyu daidai wa daida, kuma yawancin gasanninsu na gida haka ake yin su. A nan 'yan Finlan uku suka sha gaban Lemming, ya zo na huɗu. Da su ukun suka ga su kaɗai suka rage a zagayen ƙarshe, sai suka yi shawara suka ce a bar sakamakon share fage yadda yake, ba sai sun sake jifa ba. Saaristo ya ci da jimillar mita 109.42, wato 61.00 da dama, 48.42 da hagu. Lura da wannan 61.00 ɗin: ya fi jifan da Lemming ya ci zinare da shi 'yan kwanaki kafin nan, a fili ɗaya. Masu kambama Lemming ba su cika son ambaton wannan ba, amma gaskiya ce.

Shi ma bai yi shiru ba. Ranar 29 ga Satumban 1912, a Stockholm, ya jefa mita 62.32. A watan Yulin shekarar aka kafa hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya a wannan birni, wadda aka daɗe ana kira IAAF, yanzu kuma World Athletics. Jifan nan na Lemming shi ne na farko da hukumar ta rubuta a matsayin tarihin duniya na mashi. Daga 49.32 a 1899 zuwa 62.32 a 1912, mita 13 cif ya ƙara cikin shekara 13. Tarihin ya tsaya a littafin hukumar har 1919, lokacin da Jonni Myyrä na Finlan ya jefa 66.10, ko da yake Yaƙin Duniya na Ɗaya ya taimaka wajen daɗewar, tunda ya hana gasanni da yawa, har da Olamfik ta 1916. Lemming ya rasu a garinsu Gothenburg ranar 5 ga Yunin 1930, yana da shekara 50.

Ina mita talatin ɗin suka tafi?

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne nauyin mashin bai canza ba. Na maza giram 800 ne, tsawonsa mita 2.6 zuwa 2.7, kuma giram 800 ɗin ne Lemming ya jefa. Saboda haka ba a nauyi bambancin yake ba.

Babban abin da ke yanke nisan jifa shi ne saurin da mashi yake da shi a daidai lokacin da ya bar hannu. Kuma lissafin ba ɗaya-bisa-ɗaya yake tafiya ba. Idan ka ƙara saurin da kashi 10 cikin 100, nisan zai ƙaru da kusan kashi 21, domin saurin ana ninka shi ne a kan kansa. A ƙiyasi, jifan mita 60 yana buƙatar mashi ya fita da saurin kimanin mita 24 a daƙiƙa, na mita 90 kuma kimanin 29 zuwa 30. Ka ga ke nan, abin da ido yake gani kamar rabin nisa ne aka ƙara, a hannun mai jifa bai wuce ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na sauri ba. Tazarar tana nan, amma ba ta kai girman da lambobin suke nunawa ba.

To daga ina ake samo wannan ƙarin saurin? Ba daga hannu ba, kuma wannan shi ne abin da na fi shan wahalar koyarwa. Duk shekara sai na samu ƙaton yaro mai damatsa, wanda ya saba da aikin ƙarfi, ya ɗauki mashi ya wurga shi kamar mai jifan mangwaro, gwiwar hannu a ƙasa, hannu ya zagayo ta gefe. Mashin ya tashi yana karkaɗa wutsiya, ya faɗi a kwance, yaron kuma ya kama gwiwar hannunsa yana yamutsa fuska. Sai wani siriri da ba ka zata ba ya zo ya wuce shi da mita da yawa, don kawai ya iya ƙafa. Mai jifa yana tahowa da gudu, ya ja mashin baya, ya juya gefe yana gicciye ƙafafu, sannan a taku na ƙarshe ya dasa ƙafar gaba a miƙe, ƙyam, ba tare da gwiwa ta lanƙwashe ba. Ka tuna abin da ke faruwa idan mai babur ya danne birkin gaba farat ɗaya yana cikin gudu: babur ya tsaya, na bayansa ya yi gaba. Ƙafar nan ita ce birkin. Ƙasan jiki ya tsaya, saurin ya haura ta ƙugu, ya bi ƙirji, ya bi kafaɗa, hannu ne na ƙarshe, kuma aikinsa kawai ya sallami mashin a kusurwar da ba ta kai digiri 40 ba, galibi tsakanin 32 da 36.

Wannan tsari, da gicciyen ƙafa a gaba da yadda ake riƙe mashi, 'yan Finlan ne suka fi kowa gyara shi a shekarun 1920 da 1930. A Olamfik ta 1920 su suka ɗauki matsayi huɗu na farko. Matti Järvinen ya karya tarihin duniya sau goma tsakanin 1930 da 1936, ya kai shi mita 77.23, kuma da mashin katako ya yi. Hasumiyar filin Olamfik na Helsinki tsawonta mita 72.71 ne, daidai da jifan da ya ci zinare da shi a 1932, ka ga irin matsayin da wasan yake da shi a wurinsu. Lissafin Järvinen yana da amfani gare mu, domin ya nuna cewa da kayan aiki kusan iri ɗaya da na Lemming, gyaran salo da horo kaɗai sun ƙara mita 15 cikin shekara 24.

Sai kuma ƙasar da ake takawa. Birkin da na faɗa maka ba ya kamawa a kan ciyawa ko sako-sakon ƙasa, kuma a kan irinsu mutanen zamanin Lemming suka yi gudu. Na ga wannan da idona a filayenmu: yaro ya dasa ƙafa a kan rairayi, ƙafar ta zame taƙi guda, duk ƙarfin da ya tara ya zube a nan. Daga baya jikinsa ya koyi tsoro, ya riƙa rage gudu tun kafin ya iso layi. Na yau suna gudu a kan shimfiɗar roba, da takalmi mai ƙusoshi har a dunduniya, shi ya sa suke iya shigowa da gudu sosai su taka da dukkan nauyinsu.

Shi kansa mashin, na katako yana lanƙwasa yana rawa a iska, kuma duk rawar da ya yi nisa ne yake zubarwa. Guda biyu ma ba sa zama daidai, kowane itace da halinsa. A farkon shekarun 1950 wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Bud Held mai jifa da Dick Held mai ƙira, suka fito da mashi mai rami a ciki wanda ke shawagi a iska, kuma Bud ne ya fara haura mita 80 a 1953. Daga nan aka koma na ƙarfe, nisa ya yi ta hauhawa har Uwe Hohn na Jamus ta Gabas ya jefa mita 104.80 a 1984. Filin wasa ya fara yi wa mashi kaɗan, ga kuma rigimar da alƙalai ke sha kan mashin da ke faɗuwa a kwance. Sai hukuma ta matsar da cibiyar nauyin mashin gaba da santimita huɗu daga 1986, don ya riƙa sunkuyar da kai da wuri ya cake. Aka buɗe sabon littafin tarihi, kuma wanda ke kansa har yau shi ne 98.48 na Jan Železný na ƙasar Cek, tun 1996. Wato a tarihin wasan nan akwai mashi aƙalla iri uku, kuma ita kanta hukumar ba ta haɗa lambobin kafin 1986 da na bayanta a jeri ɗaya. Idan ba a haɗa Hohn da Železný ba, da shekara 12 kawai a tsakanin jifansu, ina ga Lemming da Nadeem?

Ƙara da cewa mutanen 1912 ba sana'arsu ba ce. Dokar Olamfik ta lokacin ta hana a biya ɗan wasa, kowa yana da aikin da yake ci da shi, ga hunturun Suwidin mai tsawo da ke rufe fili wata da watanni. Na yau yana da koci, da likita, da mai tausa, da ɗakin ɗaga ƙarfe, da kyamarar da ke nuna masa kuskurensa daki-daki. Julius Yego na Kenya ya yi suna da koyon wasan ta kallon bidiyon gwanaye a YouTube, amma ko shi sai da ya je Finlan ya samu horo kafin ya ci gasar duniya a Beijing a 2015 da mita 92.72.

Yadda ni nake auna shi

Akwai hanyoyi biyu da za ka bi. Ko ka auna da igiyar awo, sai ka ce yau matashin da ya samu horo mai kyau zai wuce mita 62, kuma ba ka yi ƙarya ba. Ko ka auna mutum da abin da ya tarar da abin da ya bari, da kuma yadda ya yi da waɗanda suka tsaya a gabansa. Ni ta biyun nake bi, amma da sharaɗi. Nasarar 1906 ba na ba ta nauyi sosai, don fagen ya yi ƙunci. Wadda nake girmamawa ita ce ta 1912, lokacin da shekaru suka fara ja, ga yaran da suka koyi wasan bayan shi sun kamo shi, ga idon mutanen gida a kansa, amma ya jefa abin da bai taɓa jefawa a Olamfik ba, bayan kusan wata uku kuma ya ƙara a kai. Jifan mashi yana cin gwiwar hannu da kafaɗa da baya fiye da yawancin wasanni, kuma zama a sahun gaba shekara 13 abu ne da kaɗan suka yi ko a zamanin likitoci.

Inda ba zan bi masu yabo ba shi ne cewa wai shi ne uban salon da ake yi yau. Abin da nake koya wa ɗalibaina ya fi kusa da gadon 'yan Finlan. Sannan kada ka yarda da duk wanda ya ce maka da Lemming yana raye da zai jefa mita kaza. Babu ma'aunin da zai fitar da wannan. Ni da ke horar da masu jefa mita 40 zuwa 50, na ga yaron da gyaran taku ya ƙara masa mita biyar a zango ɗaya, na kuma ga wanda aka yi wa gyaran iri ɗaya bai motsa ba. Abin da ya shafi masu mita 90 kuwa, aikin masu horar da 'yan wasan duniya ne, ni daga karatu da kallo nake ɗaukar sa.

Uku ko huɗu?

Duka biyun suna da tushe. Zinarensa na mashi huɗu ne idan ka ƙirga na Atina: ɗaya a 1906, biyu a 1908, ɗaya a 1912. Matsalar gasar 1906 ce. Girkawa sun so a riƙa yin wata Olamfik a Atina a tsakiyar kowace shekara huɗu, aka yi ta sau ɗaya a 1906, ba a sake ba. A lokacin kowa Olamfik yake kiran ta, kuma masana tarihi da yawa suna ganin ita ta farfaɗo da gasar bayan riƙon sakainar kashin da aka yi wa ta 1900 da ta 1904, waɗanda aka cusa cikin bikin baje koli aka ja su wata da watanni. Amma daga baya Kwamitin Olamfik na Duniya ya ƙi sanya ta a jerinsa. Saboda haka a lissafin Kwamitin, Lemming yana da zinare uku kuma ba shi da tagulla ko ɗaya. A lissafin da ya haɗa da 1906, yana da zinare huɗu da tagulla uku, lambobi bakwai ke nan. Idan rubutu za ka yi, ka ce uku, sannan ka ambaci na Atina daban tare da shekararsa.